GUDAJI KAZAURE A MAJALISAR WAKILAI: AWON SHEKARA TAKWAS

Daga Wakilinmu

Matafiyin da ya tashi daga Kano ya kama hanyar Daura, da ya wuce Dambatta ba da jimawa ba zai fara hango duwatsun ƙasar Kazaure. Wannan ƙasa ita ce kusurwar arewa maso yamma ta Jihar Jigawa, ta yi iyaka da Jihar Kano da kuma Jihar Katsina. Ƙananan hukumomi huɗu ne a cikin masarautar, watau Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, kuma su huɗun nan kujera ɗaya tak gare su a Majalisar Wakilai ta Tarayya da ke Abuja. Maƙwabciyarsu Babura tana tarayya da Garki a wata kujerar dabam, amma dukkansu sanata ɗaya ke wakiltarsu a Majalisar Dattawa, shi ne na Jigawa ta Arewa maso Yamma.

Daga shekarar 2015 zuwa 2023, wanda ya zauna a kan kujerar ƙananan hukumomin nan huɗu shi ne Honarabul Muhammad Gudaji Kazaure. Cikin wakilai 360 da ke wannan zaure, kaɗan ne sunansu ya zaga ƙasa kamar nasa. An ji shi a rediyo, an gan shi a talabijin, yara sun yi ta tura wa juna jawabansa ta wayar hannu. Waɗansu sun ɗauke shi gwarzon talakawa, waɗansu kuwa sun mai da shi abin raha. Yanzu da ƙura ta lafa, ya kamata a zauna a auna shekarun nan takwas da mudun da ya dace, domin kujerar tana nan, kuma jama'ar ƙasar Kazaure za su sake fita su zaɓi wanda zai hau ta.

ƘASA DA MUTANENTA

Masu tarihin baka suna cewa wani maharbi ne ya fara sarar wurin da garin Kazaure yake a yau, tun kafin jihadi. A zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Ɗantunku, shugaban Fulani Yarimawa, ya yi ƙarfi a wannan yanki, har ya yi ta gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar wa Kazaure zamanta masarauta mai cin gashin kanta. A zamanin Turawa tana cikin Lardin Kano da En'e ta kanta. Ta shiga Jihar Kano a 1967, sa'an nan ta koma Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro jihar. Mai Martaba Alhaji Najib Hussaini Adamu ya hau gadon sarautarta a 1998.

Yawancin mutanen ƙasar manoma ne da makiyaya. Suna noma gero da dawa da wake da gyaɗa da damina, masu gonaki a bakin madatsar ruwa ta Ayuba kuma su yi lambu da rani. A garin Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, da makarantar koyon ilmin kwamfuta wadda aka kafa a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki.

Ta fuskar siyasa ma yankin ya saba da riƙon mulki. Saminu Turaki, ɗan Kazaure, ya yi gwamnan Jigawa daga 1999 zuwa 2007, ya zarce Majalisar Dattawa har 2011. Alhaji Muhammad Badaru Abubakar, ɗan Babura, ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023. A zaɓen 2023 kuma kujerar sanata ta faɗa hannun Babangida Hussaini, shi ma daga Kazaure. Ke nan mutanen wannan yanki sun ga manya iri-iri, sun san bambancin mai faɗa da mai cikawa.

GUGUWAR 2015

Kafin 2015, Alhaji Bashir Adamu na jam'iyyar PDP ne ke riƙe da kujerar, har ya shugabanci kwamitin tsaro na majalisar. A wannan shekara sai guguwar canji ta taso. Janar Muhammadu Buhari, wanda garinsu Daura ke nan kusa da Kazaure, ya ci zaɓen shugaban ƙasa a ƙarƙashin APC, jam'iyyar kuma ta karɓe mulkin Jigawa daga PDP bayan shekara takwas na Alhaji Sule Lamido. A cikin wannan guguwa Gudaji ya shiga majalisa ta takwas, wadda aka buɗe ran 9 ga Yuni, 2015, aka zaɓi Yakubu Dogara ya shugabance ta. Ya sake cin zaɓe a 2019, ya zauna a majalisa ta tara a ƙarƙashin Femi Gbajabiamila.

Tun farko bai ɓoye cewa shi mutumin Buhari ne na ga-ni-kashe-ni ba. Majalisa ta takwas kuwa ta yi ta sa-in-sa da fadar shugaban ƙasa, musamman bayan da Dogara da Shugaban Majalisar Dattawa Bukola Saraki suka koma PDP a 2018. A irin wannan yanayi, wakilin da ke tashi ya kare shugaban ƙasa da ƙarfin murya ba ya rasa masu sauraro, balle a Arewa, inda farin jinin Buhari ya kai matuƙa a lokacin.

MENE NE AIKIN WAKILI?

Kafin a auna mutum, sai an san abin da aka aike shi ya yi. Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Majalisar Tarayya manyan ayyuka uku. Na farko shi ne yin doka, kamar yadda sashe na 4 ya tanada. Na biyu shi ne riƙe bakin jakar gwamnati, domin sashe na 80 da na 81 sun hana a taɓa kuɗin tarayya sai da amincewar majalisa a cikin kasafin kuɗi. Na uku shi ne bincike, inda sashe na 88 da na 89 suka ba majalisa ikon kiran kowane ma'aikaci ko hukuma su zo su yi bayani, har da ikon sa a kamo wanda ya ƙi amsa kira. Sashe na 63 kuma ya wajabta wa kowace majalisa zama na kwana 181 a shekara, ko fiye.

Akwai wani bambanci da mai karatu ya kamata ya riƙe, watau tsakanin batu da shirin doka. Batu shi ne wakili ya tashi ya jawo hankalin majalisa kan wata matsala, misali ambaliya ta cinye gonaki ko 'yan fashi sun tare hanya, a tattauna, a yanke shawara a roƙi gwamnati ta yi wani abu. Wannan shawara ba ta ɗaure gwamnati. In ta ga dama ta yi, in ta ga dama ta sa a aljihun tebur. Shirin doka kuwa tafiyarsa doguwa ce: karatu na farko, karatu na biyu inda ake muhawara, zaman kwamiti da jin ra'ayin jama'a, karatu na uku, sa'an nan a aika wa ɗaya majalisar ita ma ta amince, kana a kai wa shugaban ƙasa. Sashe na 58 ya ba shi kwana talatin ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun sake amincewa kafin ya zama doka, kamar yadda aka yi wa dokar Hukumar Raya Yankin Neja Delta a shekarar 2000, zamanin Cif Olusegun Obasanjo.

A shekarun da Gudaji ya yi a zauren, an zartar da dokoki masu nauyi. Akwai dokar Hukumar Raya Arewa maso Gabas ta 2017, da gyaran tsarin mulki na 2018 wanda ya rage shekarun mai neman kujerar wakili daga 30 zuwa 25, da dokar mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 ta 2019, da dokar da ta ɗaga harajin kayan masarufi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari tun daga 2020, da dokar man fetur ta 2021, da dokar zaɓe ta 2022. Kowace ɗaya daga cikinsu ta taɓa rayuwar mutumin Roni ko na Gwiwa. To amma in ya so ya san ɓangaren da wakilinsa ya bi a kan harajin nan, ina zai duba? Yawancin ƙuri'un majalisa da murya ake yin su. Shugaba ya ce masu goyon baya su amsa, masu hamayya su amsa, ya saurari ɓangaren da ya fi amo, ya buga guduma. Ba a rubuta sunan kowa. Wannan ita ce matsala ta farko ga duk mai son auna wakili a Nijeriya, kuma ta shafi dukkan 360 ɗin.

BATUN HARSHE

Abin da ya fara fito da Gudaji a idon 'yan ƙasa shi ne yadda yake magana. Yakan tashi ya yi jawabi da Turancinsa na yau da kullum, ba ado ba kwana-kwana, zauren ya kaure da dariya, washegari kuma hoton jawabin ya cika wayoyin mutane. Masu ilmin boko da yawa, har da na Arewa, sun yi ta yi masa ba'a. Amma duk wanda ya saurare shi yana hira da Hausa a gidajen rediyo ya san mutum ne mai kaifin baki, wanda ya iya jera hujja ya kai ta inda yake so.

A nan akwai abin dubawa wanda ya wuce Gudaji. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya kamata. Wannan magana tana cikin Tsarin Mulkin 1979 ma, a sashe na 51. Fiye da shekara arba'in ke nan ana jiran wannan tanadi, watau tafintoci da na'urorin saurare da masu rubuta muhawara cikin harsunan nan, ga shi kuwa har yau Turanci ne harshen zauren. A Majalisar Dokokin Jihar Arewa da ke Kaduna, kafin 1966, da Hausa da Turanci ake muhawara, wakilin da bai yi makarantar boko mai zurfi ba yakan faɗi damuwar mutanensa da harshen da ya sha a nono. A Tanzaniya da Swahili ake muhawara a majalisa. A Indiya akwai tafintoci masu fassara nan take. Nan gida ma, Majalisar Dokokin Jihar Legas ta keɓe ranar Alhamis don zama da Yarbanci.

Saboda haka dariyar da aka yi wa wakilin Kazaure, rabinta majalisar ce ta cancanta, domin ita ta bar sashe na 55 yana barci. Hasarar kuwa ta jama'a ce ta fuska biyu. Wakilin da ya fi ƙwarewa da Hausa ba ya iya fitar da duk abin da ke cikinsa, manomin da ya aike shi kuma ba ya iya bin abin da ake faɗa da sunansa.

MATA DA MAHARBA

A watan Maris na 2018, lokacin da majalisa ke tattauna batun ba mata dama a harkokin mulki, Gudaji ya yi jawabin da ya fi kowanne yawo. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne, yana da kyau a ba mata dama, amma kada ta yi yawa, domin su ne suka fi fitowa jefa ƙuri'a, in aka sake za a wayi gari sun cika zauren sun kori maza. Aka yi dariya, ƙungiyoyin mata kuma suka yi tir.

Gaskiyar lissafi ta saɓa wa tsoron nasa. A majalisa ta takwas da ta tara, mata ba su kai kashi goma cikin ɗari na wakilai ba. Ran 1 ga Maris, 2022, lokacin gyaran tsarin mulki, Majalisar Tarayya ta yi watsi da shirye-shiryen doka guda biyar da suka shafi mata, har da wanda ya nemi a keɓe musu kujeru, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Wannan ya nuna cewa abin da wakilin Kazaure ya faɗa a fili, da yawa daga cikin masu yi masa dariya shi suka aikata da aka zo ƙuri'a. Sai dai kuma matan Kazaure da 'Yankwashi, waɗanda shi da bakinsa ya shaida su ne ke cika layin zaɓe, suna da haƙƙin tambayar abin da wannan jawabi ya amfana musu.

Wani abin da aka san shi da shi shi ne kiran da ya sha yi cewa a sa maharba da mafarauta cikin yaƙi da Boko Haram da 'yan bindiga, har ya nuna shi kansa a shirye yake ya shiga daji tare da su. Shawarar tana da tushe, domin a ƙarshen 2014 maharba sun taimaka wa soja wajen ƙwato garuruwa a arewacin Jihar Adamawa, ciki har da Mubi. Amma maharbin da zai shiga daji yana bukatar dokar da ta san da zamansa: wa zai ba shi umarni, wa zai biya shi, wa zai riƙe iyalinsa in ya faɗi, wa zai hukunta shi in ya wuce gona da iri. Abin da ya faru a Zamfara da Katsina tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya ya isa darasi kan makami a hannun wanda doka ba ta tsara aikinsa ba. Irin wannan tsari, teburin kwamiti ne wurin yin sa, kuma aiki ne mai cin lokaci wanda ba a tafa wa mai yin sa.

NAIRA TIRILIYAN 89

Babban abin da za a daɗe ana tuna Gudaji da shi ya faru ne a watan Disamba na 2022. Ya fito ya yi zargin cewa akwai kuɗin harajin kan sarki da suka kai naira tiriliyan 89 waɗanda aka cire daga asusun jama'a a bankuna amma ba su shiga baitulmalin gwamnati ba, ya kuma ɗora alhakin a kan Babban Bankin Nijeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele. Ya ce shi ne sakataren wani kwamiti da Shugaba Buhari ya kafa don gano kuɗin, kuma waɗansu manya suna hana shi kai rahoto.

Asalin harajin shi ne, a watan Janairu na 2016 Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa cire naira 50 a kan kuɗin da aka zuba a asusu daga naira 1,000 zuwa sama. Daga baya dokar kuɗi ta 2019 ta mai da iyakar naira 10,000. Tun kafin Gudaji ya yi magana ana ta jayayya a kan kuɗin. Hukumar gidan waya da hukumar tara haraji ta tarayya sun yi cacar baki a fili a 2020 kan wanda ke da ikon karɓa, gwamnatocin jihohi kuma suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli a 2021 suna neman kasonsu. Ke nan akwai rami a wurin, ba shi ya haƙa ba.

Fadar shugaban ƙasa ta mai da martani ta bakin Malam Garba Shehu. Ta ce an riga an rushe kwamitin bisa umarnin shugaban ƙasa, ta ce bai dace da tsarin mulki ba a ce ɗan majalisa ne sakataren kwamitin ɓangaren zartarwa, ta kuma ce adadin ya fi ƙarfin hankali. A watan Janairu na 2023, Emefiele ya ce abin da aka tara daga 2016 zuwa 2022 kimanin naira biliyan 370 ne.

Mai karatu na iya yin lissafin da kansa. Biliyan ɗaya miliyan dubu ce, tiriliyan ɗaya kuwa miliyan sau miliyan. Kasafin kuɗin tarayya na 2022 gaba ɗayansa bai wuce naira tiriliyan 17 da 'yan kai ba lokacin da aka sa masa hannu, watau kuɗin da ake magana sun ninka shi sau biyar. In aka ɗauka da naira hamsin-hamsin kaɗai aka tara su, sai an cire harajin sau tiriliyan 1.78. A raba wannan a kan shekara bakwai, zai zama kusan sau miliyan 700 a kowace rana ta Allah, a ƙasar da mutanenta suka ɗan haura miliyan 200 a lokacin. Sai kowane ɗan Nijeriya, har jariri a goye, an zuba masa kuɗi a banki sau uku a yini. A nan adadin ya gaza tsayawa da ƙafarsa.

Duk da haka ba za a ce ihun ya tafi a banza ba. Bayan da ya yi magana ne Babban Banki ya fito ya faɗi adadi a bainar jama'a, talakan da ake cire wa naira hamsin kuma ya fara tambayar inda take zuwa. Da Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da Emefiele ran 9 ga Yuni, 2023, aka kuma gurfanar da shi a kotu, magoya bayan Gudaji sun ce ga maganarsa ta fito, ko da yake tuhume-tuhumen da aka gabatar sun shafi waɗansu al'amura ne dabam.

Darasin da ke ciki shi ne na hanya. Tsarin mulki ya riga ya ba ɗan majalisa makami a sashe na 88 da na 89. Binciken da kwamitin majalisa ya yi, ya kira shugabannin banki suka amsa tambayoyi, ya karɓi takardu, ya ajiye rahoto a gaban zaure, yana zama cikin kundin majalisa, wani ya zo bayan shekara goma ya ɗora a kai. Gudaji ya bi ta kwamitin da ke rataye da yardar fadar shugaban ƙasa, ranar da fadar ta ce ba ta san zancen ba kuwa, sai ya rage daga shi sai 'yan jarida. Wanda ya hau dokin aro, duk inda mai shi ya ce ya sauka, nan zai sauka.

ƘOFAR GIDA DA AYYUKAN MAZAƁA

A ƙauye ba da sashe na 88 ake auna wakili ba. Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan ɗan majalisa da sassafe ya ga taron: mai takardar magani, mai neman kuɗin makarantar ɗa, mai suna, mai neman aiki. Talauci da raunin ƙananan hukumomi sun mai da wakili asibiti da ofishin ɗaukar ma'aikata, ga shi kuwa ba wannan aka rubuta masa ba.

Abin da ya fi kusa da wannan bukata a hukumance shi ne ayyukan mazaɓa. A shekarun nan, akan ware naira biliyan 100 a kasafin kowace shekara, a raba wa sanatoci da wakilai su zaɓi ayyukan da ma'aikatu za su yi a yankunansu, kamar rijiyar burtsatse da ajin makaranta da keken ɗinki. A watan Nuwamba na 2019 Shugaba Buhari da kansa ya koka cewa an ware kimanin naira tiriliyan ɗaya cikin shekara goma don waɗannan ayyuka, amma ba a ga tasirinsu a karkara ba. A wannan shekarar ce hukumar ICPC ta fara bin sawun ayyukan jiha-jiha. Jerin ayyukan kowace mazaɓa yana cikin kasafin kuɗi, da sunan gari da adadin kuɗi da hukumar da aka ba aikin. Matasan Kazaure da suka yi karatun kwamfuta suna iya zaro na ƙananan hukumominsu huɗu, su fassara, su bi gari-gari su duba.

Manyan ayyuka kuwa, irin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi wadda aka aza harsashinta a watan Fabrairu na 2021, wadda kuma ta ratsa ta Kazaure da Daura, na ɓangaren zartarwa ne. Rabon wakili a ciki shi ne ya tsare kuɗin aikin a kasafi, ya kuma tsaya wa manoman da hanya ta ci gonakinsu har a biya su diyya.

SAUKA DAGA KUJERA

A watan Mayu na 2022 Gudaji ya faɗi zaɓen fid da gwani na APC. Ba shi kaɗai ba ne, domin wakilai masu yawa sun rasa tikiti a wannan karo. Wani abin mamaki shi ne, dokar zaɓe ta 2022 da su kansu suka zartar ita ce ta taimaka wajen kayar da su. Sashe na 84 na dokar ya bar zaɓen 'yan takara a hannun wakilan jam'iyya da aka zaɓo don wannan aiki kaɗai, ya fitar da masu riƙe da muƙamai, har da su 'yan majalisar. Da suka farga suka yi gyara cikin gaggawa, amma shugaban ƙasa bai sa hannu ba har aka gama zaɓuɓɓukan. Wanda bai karanta abin da ya amince da shi ba, ranar biya yakan sha mamaki.

Gudaji ya koma jam'iyyar ADC ya tsaya takara a zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, amma Muktar Muhammad na APC ya yi nasara. Sunan da ya cika Nijeriya bai isa ya riƙe ƙananan hukumomi huɗu ba bayan da inuwar jam'iyya ta gushe.

ABIN DA AWO YA NUNA

In za a yi adalci, wakilin Kazaure ya yi abin da da yawa ba su yi ba. Akwai waɗanda sukan shekara huɗu a zauren nan ba a taɓa jin muryarsu ba, har mutanensu su manta da su. Shi ya tashi ya yi magana, bai ji kunyar harshensa ba, ya kuma taɓa wuraren da manya ke tsoron taɓawa. A ɗaya gefen, abin da aka fi tuna shi da shi jawabai ne da tone-tone, alhali abin da ke wanzuwa bayan wakili ya sauka shi ne dokar da ya tsaya wa, da layin da ya sa a kasafin kuɗi, da rahoton da ya bari a kundi. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo batun gyaran mulkin En'e a majalisar Kaduna, da hujjoji a jere, aka yi ƙuri'a ya wuce da ƙyar, kuma gyare-gyaren da suka biyo baya sun sa har yau ana ambaton wannan rana. Murya ce ta haɗu da shiri.

Ga jama'ar Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, da 'yan'uwansu na Babura, tsarin mulki ya ba su ikon yi wa wakili kiranye a sashe na 69, amma sharaɗinsa mai tsauri ne, sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu. Yunƙurin da aka yi a kan Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018 ya rushe tun a matakin tantance sa hannu. Hanya mafi sauƙi ita ce tambaya tun kafin zaɓe, da kuma kowace shekara bayansa. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, sabo ne ko tsoho, a tambaye shi shirin doka nawa ya kawo da inda kowanne ya tsaya, da kwamitin da yake ciki da abin da ya bincika, da ayyukan da ya sa a kasafi da garuruwan da suke, da ɓangaren da ya bi ranar da aka ƙara haraji. A kuma nemi ya zo dandali ya ba da amsa da Hausa, a gaban dagatai da malamai da mata da matasa, tun da yake a Abuja ba a yi tanadin tafinta ba tukuna.

Allah Ya ba mu wakilai nagari, Ya ba mu kuma basirar auna su.